Tambayoyin da malamai suka fi yi kan kayan koyarwa na intanet, da amsoshinsu

Assalamu alaikum ƴan uwa malamai. Waɗannan tambayoyin sune suke ta dawowa duk sanda aka taɓo zancen shigo da waya ko kwamfuta cikin aji, wasu daga malaman firamare, wasu na sakandare, wasu ma shugabannin makarantu ne ke yin su.

Malam ni fa allo da alli kawai na sani, wannan harkar ban san kanta ba. Daga ina zan fara?

Ka fara daga darasin da yake baka ciwon kai, kar ka fara daga manhaja. Kowane malami yana da wani babi da ya sani duk shekara in aka zo kansa sai yara sunyi tsuru-tsuru, kayi bayani kayi bayani kace kun gane suce eh, ranar jarrabawa kuma kaga ba haka abin yake ba. To wannan babin zaka ɗauka, ka shiga intanet ka nemi abu ɗaya tak da zai taimaka maka a kansa, ko bidiyo ne ko hoto mai motsi ko ƴan tambayoyin gwaji, ka gwada shi kai kaɗai tukuna har hannunka ya faɗa, sannan ka kai shi aji.

Abin da yake sa malamai da yawa suyi zuciya su watsar shine a kai su bita ta kwana biyu a nuna musu manhajoji ashirin, su dawo waya ta cika maƙil amma babu ko ɗaya da suka san inda zata shiga a darasin gobe da safe. Guda ɗaya ta isa a zango. In ta zauna sai ka ƙaro ta biyu.

Kuma kar ka raina kanka. Wasu masana biyu na jami'ar jihar Michigan a Amurka, Punya Mishra da Matthew Koehler, sun fitar da wani tsari a 2006 da ake kira TPACK, suka ce malami yana buƙatar sani uku a haɗe, sanin fanninsa, sanin dabarar koyarwa, sai sanin na'ura. Biyun farko kana dasu tun tuni malam, kuma sune masu wuyar samu. Na ukun a ƴan makonni ake kama bakin zarensa.

Ina koyar da lissafi da kimiyya. Wane shafi ne zai fi min amfani?

Anan kam akwai kaya. In kimiyya ce PhET zan fara nuna maka. Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel ta fiziks a 2001, shine ya kafa ta a 2002 a jami'ar Kolorado da ke Boulder, har da kuɗin kyautar tasa ya zuba a ciki. Gwaje-gwaje ne na kwaikwayo sama da 150 a fiziks da kemistiri da bayoloji da lissafi, kyauta ne, kuma ba sai kayi rajista ba kafin ka buɗe su.

Bari in baka misali da na haɗa wutar lantarki. Zaka ga batir da waya da ƙwan fitila da makunni a gefen sikirin, ka jawo su da yatsa ka jona, kana rufe da'irar ƙwan zai kama, har ƴan ɗigo-ɗigo zaka gani suna zagayawa cikin wayar. Ka ƙara batir na biyu haske ya ƙaru. Ka jona wayar daga kan batir zuwa gindinsa ba tare da ƙwai a tsakani ba, sai wuta ta tashi a jikin batirin a sikirin ɗin, yara suyi ihu, amma daga ranar ba wanda zai sake tambayarka me yasa ba a haɗa waya haka. Gani ya kori ji. Sai dai ga inda aikin malami yake, kafin ka taɓa komai ka tsaya ka tambaye su, in na ƙara ƙwai na biyu a jere me kuke jin zai faru da hasken? Kowa ya rubuta hasashensa a littafi, sannan ka gwada. Wanda yayi kuskure shi yafi ƙaruwa ma don zai so yasan dalili. In kuwa kai kaɗai kake ta jan abubuwa suna kallo, to kallo kawai sukayi.

Lissafi kuma GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara a 2001 yana ɗalibi a jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya. Ka zana alwatika ka sa ta nuna kusurwoyin nan uku, ka kira yaro ya ja ƙarshe ɗaya duk inda yaga dama, lambobi suna ta canzawa amma jimillarsu tana nan a digiri 180 bata motsi. Desmos ma tana da kyau wajen giraf. Sai Khan Academy, wadda Salman Khan ya kafa a 2008 bayan ya ɗau shekaru yana koya wa ƴan uwansa lissafi daga nesa, ita bidiyo ne da atisaye, zaka iya buɗe aji a ciki ka basu aiki kaga wanda ya maƙale da inda ya maƙale. Ka dai riƙa duba silabas ɗinka, don jerin darussansu ba lallai yazo daidai da naka ba.

Makarantarmu babu intanet, netiwok ɗin ma sai an sha wuya. Kenan mu babu rabonmu?

Akwai rabonku sosai, kuma wannan ce tambayar da nafi so a riƙa yi, saboda akwai mutanen da suka zauna musamman suka yi aiki domin irin wannan yanayin.

Kolibri manhaja ce ta kyauta daga wata ƙungiya mai suna Learning Equality. Yadda take aiki, ka samu kwamfuta ɗaya ka sa mata Kolibri, ka kai ta inda akwai intanet mai ƙarfi sau ɗaya ka sauke darussan da kake so, akwai na Khan Academy da PhET da CK-12 da littattafan yara a cikin rumbunta. Ka dawo makaranta ka kunna rauta ko hotsifot, ba sai da data ba, sauran wayoyi da kwamfutoci su jonu da ita su buɗe birauza su rubuta adireshin da ta nuna, shikenan kowa ya shiga kamar yana intanet alhali komai daga kwamfutar nan ɗaya yake fitowa. Malami yana da nasa ɓangaren da zai haɗa darasi ya bada gwaji yaga sakamako. Kuma in wata makaranta tana da shi zaku iya kwafa a filas ba sai kun sake saukewa ba.

Kiwix kuma tun 2007 take, ita aikinta matse shafuka ne cikin fayil guda a karanta ba intanet. Wikipedia ta Turanci gaba ɗayanta da hotuna ta kai wajen giga 100, amma akwai ƙanana da aka ware na likitanci ko lissafi ko kemistiri kawai, akwai ta Hausa ma, waɗannan waya zata ɗauka. Su PhET da GeoGebra da Scratch suma duk ana sauke su ayi aiki dasu ba netiwok.

Abu ɗaya da ake mantawa shine caji. A tsara wanda zai riƙa cajin na'urorin da wanda zai riƙe makullin inda ake ajiye su tun kafin kayan su iso, in ba haka ba wata uku zaka tarar dasu a kwali.

Waya ɗaya ce tal a ajin, ita ce tawa, yara kuma sun haura hamsin. Me zan iya yi da ita?

Ki nemi Plickers malama. Katuna ne ake bugawa a takarda, suna kaiwa 63, kowane yaro da nasa mai lamba, a tsakiya akwai wani baƙin zane mai gefe huɗu, kowane gefe da ɗan ƙaramin harafi A, B, C ko D. Ki rubuta tambaya a allo da zaɓi huɗu, yaro ya juya katinsa harafin da ya zaɓa ya koma sama ya ɗaga, ke kuma ki tsaya a gaba ki bi ajin da kyamarar wayarki daga wannan gefe zuwa wancan, nan take sunaye zasu riƙa fitowa, kore ga wanda ya dace ja ga wanda ya kuskure. Daɗin abin, zanen kowa daban yake kuma haruffan ƙanana ne, yaro bazai leƙa na maƙwabcinsa ya kwaikwaya ba, sannan yarinyar nan mai kunya da bata taɓa ɗaga hannu ba ita ma ta amsa ba tare da ta buɗe baki ba. In kika ga rabin aji sun tafi C alhali B ce amsa, kin san akwai wata gurguwar fahimta da ta haɗa su, sai ki tsaya a gyara kafin a wuce. Wayarki ce kaɗai take buƙatar data. Ki manna katunan a bayan littafinsu don kar su ɓace, in kuma zaki lulluɓe su da leda kar ki sa mai ƙyalli, kyamara bata son ta.

Bayan wannan, ƙaramar sifika ta bulutut tana mayar da waya ɗaya abin sauraron aji guda, musamman darasin harshe da karatu.

Google Classroom, Moodle, Microsoft Teams, wanne zan zaɓa? Ko WhatsApp ya wadatar?

In makarantarku ta riga ta zaɓi ɗaya ka bi shi kawai, kar ka raba wa yara hankali. In kai zaka zaɓa, Google Classroom da ya fito a 2014 shi yafi sauƙin koyo, ka buɗe aji ka basu lambar shiga, ka tura aiki da ranar karɓa, su mayar maka ka duba. Moodle ya girme shi, Martin Dougiamas ɗan Ostireliya ya sake shi a 2002, yafi zurfi kuma makaranta zata iya ɗora shi a sabarta ta riƙe bayananta da kanta, amma yana son wanda zai riƙa kula da shi, shi yasa jami'o'i da kwalejoji suka fi amfani da shi. Teams ya dace da inda dama ake aiki da kayan Microsoft.

WhatsApp yana yi wajen sanarwa da tura sauti ko hoton aiki, amma saƙonni suna binne juna, ba wajen ajiye maki, kuma lambar kowa a fili take. In dole ne, na ƙananan yara ya zama guruf na iyaye, ka kulle shi admin kaɗai ke turawa.

Makin yana cinye min dare. Akwai abin da zai rage min?

Google Forms. Ka shiga saiti ka mayar da fom ɗin kwiz, ka sa amsar kowace tambaya da makinta, yaro yana turawa ta gama makin, kuma zata jero maka tambayoyin da aka fi faɗuwa, wanda a wajena ya fi makin kansa amfani. Microsoft Forms ma haka take. Amma zaɓi-ɗaya da gajerun amsoshi kawai take iyawa, insha'i da lissafin da ake son ganin matakai sai idonka.

Kahoot! da aka fara a Norwe a 2013 wasa ne na gasa, yara suna son shi sosai, sai dai sauri yana ƙara maki a cikinsa, to mai nazari a tsanake yana iya zama na baya alhali yafi kowa ganewa. Kayi shi don bita, kar ka shigar da makinsa cikin sakamako. Kuma ƙananan gwaje-gwajen nan ba ɓata lokaci bane, binciken Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006 ya nuna ɗaliban da aka sa su tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karantawa.

Tsakani da Allah, wannan fasahar tana ƙara wa yara fahimta kuwa, ko dai yayi ne kawai?

Tana ƙarawa a wani wuri, a wani wuri kuma bata ƙara komai, har takan rage. Ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci a shirin One Laptop per Child, da aka yi bincike aka fitar a 2012 sai aka ga yaran sun iya kwamfuta amma makinsu na lissafi da harshe bai ɗaga ba, don an raba kaya ne ba a haɗa su da darasi ba. Rahoton OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, na 2015 ya gano ɗaliban da suke amfani da kwamfuta a makaranta daidai wa daida sun ɗan fi waɗanda ba kasafai suke taɓa ta ba, amma masu yawan amfani da ita sosai sakamakonsu yafi muni. UNESCO ma a babban rahotonta na ilimi na 2023 tace ingantacciyar hujja kan amfanin waɗannan kayan ƙalilan ce, kuma da yawa daga hujjojin masu sayar da kayan ne suke kawo su.

A ɗaya ɓangaren, an gwada wata manhaja Mindspark a birnin Delhi na Indiya da ɗaliban ƙaramar sakandare, cikin wata huɗu da rabi aka ga ci gaba mai yawa a lissafi da harshen Hindi. Sirrinta shine tana fara auna inda yaro yake a zahiri, in yana aji bakwai amma lissafinsa na aji huɗu ne daga nan zata ɗauko shi, abin da malami ɗaya mai yara sittin bazai iya yi wa kowa ba. To ni abin da na ɗauka daga duk wannan, duk sanda aka kawo maka wata na'ura ka tambaya me zata yi wanda allo bazai iya ba. In nuna abin da ido baya gani ne, ko ba kowane yaro aiki daidai ƙarfinsa, ko sanar da kai nan take wa ya gane wa bai gane ba, karɓe ta. In kuwa rubutun da zaka yi a allo ne aka mayar sikirin, alli ya fi sauƙi.

Ni kaina a ina zan koyi abin, ba sai na jira an kira bita ba?

Google da Microsoft kowanne yana da darussan malamai kyauta a shafinsa, na Google har da jarrabawar satifiket mataki na ɗaya da na biyu. Ka dai sani kowa kayansa yake koya maka. In kana son wanda ba talla a ciki ka duba OpenLearn na Open University ta Birtaniya, da TESSA da jami'ar ta fara a 2005 tare da cibiyoyin horar da malamai na Afirka, da kwasa-kwasan Commonwealth of Learning. Edutopia tana da gajerun bidiyo na malamai a cikin ajinsu na gaske. Shugabannin makaranta kuma su nemi tsarin UNESCO na ƙwarewar malamai kan fasahar sadarwa, bugu na uku ya fito a 2018, zai taimaka wajen tsara horo mataki-mataki.

Amma ka samu abokin aiki ɗaya kuyi tare. Kwas ɗin intanet in mutum shi kaɗai ne yawanci a mako na biyu yake tsayawa.

Ina zan samu littattafan karatu na yara, musamman a harshen da suke ji?

African Storybook na ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu, da StoryWeaver na Pratham Books ta Indiya mai harsuna sama da 300, da Bloom Library, da Global Digital Library. Akwai na Hausa a cikinsu, an jera su bisa matakin karatu, ana saukewa a buga a takarda. In kika ga labari mai kyau a wani harshe zaki iya fassara shi da kanki a shafin, hotunan suna nan yadda suke. Ki dai karanta kafin ki ba yara, don wasu fassarorin akwai kurakuran rubutu.

In na ɗauki hoto ko darasin wani a intanet na raba wa ɗalibai, na ci haƙƙinsa?

Ya danganta da izinin da mai abin ya bayar, kasancewar abu a intanet baya nufin an yafe shi. Ka riƙa neman alamar Creative Commons, lasisin da aka fara fitarwa a ƙarshen 2002. In kaga BY, kayi amfani amma ka ambaci mai shi. SA, in ka gyara ka sake shi da irin wannan izinin. NC, banda kasuwanci da shi. ND, ka raba yadda yake kar ka canza komai, wanda ya haɗa da fassara. OER Commons da CK-12 da OpenStax na jami'ar Rice da MIT OpenCourseWare duk kayansu na buɗaɗɗen izini ne, sai ka duba sharaɗin kowanne.

Bidiyon YouTube fa? Da na kunna sai aji ya koma gidan kallo.

Tsawonsa ne matsalar galibi. Wani bincike na 2014 da Philip Guo da abokan aikinsa sukayi kan kallon bidiyo kusan miliyan 7 a dandalin kwasa-kwasan intanet na edX ya nuna hankalin mai kallo yana fara guduwa in an wuce minti shida, kuma manya ne fa waɗannan da suka kawo kansu. To ka yanki minti uku zuwa biyar ɗin da kake buƙata, ka rubuta tambaya biyu a allo kafin ka kunna don su san me suke nema, ka tsayar a tsakiya kuyi magana. Kuma dan Allah ka kalle shi daga farko har ƙarshe kafin ka shigo da shi, ka sauke shi tun a gida in da hali saboda talla da abin da zai biyo baya da kansa. TED-Ed suna da gajeru masu zane da tambayoyi a haɗe.

An ce in koyar da kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni, ni kuma ban taɓa yi ba.

Scratch zaki fara da shi, na jami'ar MIT ta Amurka ne tun 2007, an yi shi don ƴan shekara 8 zuwa 16, tubala ne masu launi ake jonawa ba rubutu ba, akwai ScratchJr na ƴan 5 zuwa 7. Code.org yana da darussa a jere da jagorar malami. In babu kwamfuta kwata-kwata, CS Unplugged na jami'ar Canterbury ta Niyu Zilan da katuna da wasanni a fili yake koyar da tunanin da ke ƙarƙashin kwamfuta. Ki riga yaran da darasi ɗaya ko biyu, ya isa, kuma in wani yaro ya wuce ki ki sa shi ya taimaka wa na kusa da shi.

Su ChatGPT fa, in yi amfani dasu ko in guje su? Yara sun fara kawo min aikin da ba su suka rubuta ba.

Tun da ChatGPT, wanda ake yi wa tambaya ya rubuto amsa kamar mutum, ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022 wannan magana take ta yawo. Ga malami yana rage aiki, ka bashi sakin layi kace ya sauƙaƙa shi zuwa mataki uku, ko ya zayyano tambayoyi ashirin ka zaɓi takwas, ko ya baka misalai na daban in naka sun ƙi shiga. Amma yana ƙirƙirar abin da babu kuma ya faɗe shi da cikakken ƙarfin gwiwa, shekara ko sunan littafi ko amsar lissafi, saboda haka duk abin da baka iya tantancewa da kanka kar ya shiga aji. Kar kuma ka zuba masa sunayen ɗalibai da makinsu. UNESCO a jagorar da ta fitar a Satumban 2023 ta bada shawarar kada yaro ƙasa da shekara 13 yayi amfani da irin waɗannan a aji.

Zancen satar amsa kuma, kar ka dogara da manhajojin da suke cewa suna gano rubutun na'ura. Kamfanin OpenAI mai ChatGPT da kansa ya janye tasa a Yulin 2023 saboda bata cika dacewa ba, kuma zargin yaron da yayi aikinsa da guminsa ba ƙaramin abu bane, yana iya karya masa zuciya gaba ɗaya. Abin da yafi, a fara rubutun a aji kana gani, ko ka kira shi minti biyu kace bayyana min wannan sakin layin da bakinka. Wanda ya rubuta zai iya.

Yaya zan kare sirrin yara?

Wannan nauyi ne a wuyanmu ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta binciki manhajoji da shafukan karatu 163 da gwamnatoci suka amince dasu lokacin korona, a 2022 ta bayyana cewa kashi 89 cikin 100 suna bibiyar yara ko suna da damar yin hakan. To ka fifita abin da ba sai yaro ya buɗe akawun ba. In dole ne, sunan farko ko lamba ta isa, banda ranar haihuwa da adireshi da hoto. Ka sanar da shugaban makaranta da iyaye. Kar ka ɗora fuskokin yara a Facebook ko TikTok don nuna ƙoƙarinka sai da izinin iyayensu, ko da izinin ma ɗaukar aikin hannunsu ya fi. Ƙungiyar Common Sense Education sun tantance manhajoji da dama ta wannan fuskar, kuma suna da darussan koya wa yara zaman lafiya a intanet.

Ina da ɗalibi mai larurar gani da wata mai larurar ji. Akwai abin da zai taimake su?

Anan fasaha tafi nuna amfaninta ƙarara. NVDA manhaja ce ta kyauta da take karanta abin da ke sikirin ɗin Windows da murya, wasu makafi biyu ƴan Ostireliya ne suka gina ta. Wayoyin Android suna da TalkBack, iPhone tana da VoiceOver, a cikin saiti suke ba sai an sauke ba. Sai dai in ka ɗauki hoton shafi ka tura wa mai larurar ganin ka wahalar da shi, ka tura rubutu na ainihi da za a iya kwafa. Mai larurar ji kuma ka zaɓi bidiyo mai rubutu a ƙasa, akwai Live Transcribe da take mayar da magana rubutu nan take a harsunan da ta iya. Immersive Reader ta Microsoft tana ƙara girman haruffa da tazarar layi ga yaron da karatu ke yi wa gardama. Ka tambaye su su da kansu me yafi musu, sun fi ka sanin abin da ke tare musu hanya.

In na saba da manhaja aka rufe ta fa, ko ta ƙi buɗewa ana tsakiyar darasi?

Dukkansu suna faruwa. Edmodo da miliyoyin malamai suka dogara da ita an rufe ta a Satumban 2022, Google ya kashe Jamboard a ƙarshen 2024, kuma da aka daina Adobe Flash a ƙarshen 2020 wasannin karatu masu ɗimbin yawa sun daina aiki. Wasu kuma basa rufewa, sai dai abin da yake kyauta bana baɗi a ce sai an biya. Saboda haka tambayoyinka da tsarin darasinka ka fara rubuta su a fayil naka na Word ko makamancinsa sannan ka kwafa cikin manhajar, maki kuma ka riƙa sauke shi duk ƙarshen zango ka ajiye a wuri biyu.

Na tsakiyar darasi kuma, ka shiga aji da wuri ka jona komai ka gwada sauti kafin yara su zauna, ka ɗauki hoton sikirin na muhimman wuraren tun daren jiya ya zama suna wayarka. In abu ya tsaya ka bashi minti biyu, in bai tashi ba ka kashe ka juya allo ka ci gaba da misalan da ka tanada a takarda, gyaran sai bayan an tashi.